Ranar da Sakata Ya Rufe Babbar Ƙofa

An yi wata daula da ta shekara dubu uku ba ta taɓa faɗuwa ba. Maƙwabtanta duk sun tashi sun faɗi, wasu har sau biyar, ita kuwa tana nan daram. Babban birninta yanzu ya cika da dogayen benaye da fitilun ba da hannu da jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari, amma tsohuwar ganuwa tana nan ta ratsa tsakiyarsa. Babbar Ƙofa ma tana nan a wangale, titi mai layi huɗu ya bi ta cikinta.

Abin da ke damun daular da ba ta faɗuwa shi ne ba ta da ranar shara. Inda aka ci gari da yaƙi, sabbin masu mulki kan kwashe tarkacen na da su zubar. Nan kuwa ba wanda ya taɓa zubar da komai. Duk muƙamin da aka naɗa tun kafuwar daula yana nan da mai shi. Akwai Mai Ƙirga Raƙuman Yaƙi, wanda bai taɓa ganin raƙumi ba sai a talabijin. Akwai Mai Yi wa Kujerar Mulki Fifita, wanda ke zuwa aiki da rigar sanyi saboda na'urar sanyaya ɗaki. Akwai kuma Mai Rufe Babbar Ƙofa, wanda labarin nan nasa ne.

Shi da kansa yana kiran kansa Garkuwar Daula. Mutanen unguwa kuwa Sakata suke ce masa, kuma shi ne sunan da ya bi shi. Aikinsa a rubuce shi ne ya rufe ƙofar ran da maƙiya suka zo. Da yake ba su zo ba, aikinsa a zahiri shi ne ya fito da kujera kowace safiya, ya ajiye ta a gindin ƙofar tsakanin shagon mai aski da na wata tela, ya harɗe ƙafa ya cika baki har yamma.

"Kun san abin da ya hana daular nan faɗuwa?" haka yake farawa.

"Mun sani," in ji mai aski, yana wasa reza. "Kai ne. Jiya ma kai ne."

"Hannun nan da kake gani, in na ga dama, kafin ka gama wa mutumin nan gefe ɗaya na rufe gari ruf. Ko iska sai ta nemi izini."

"To Allah ya sa kar ka ga damar," in ji tela daga bayan keken ɗinkinta. "Iskar muke sha."

Ranar wata Litinin sai ga wasiƙa daga sabuwar Ma'aikatar Tace Tsofaffin Muƙamai. An ce ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe mai bincike za ta zo. Duk muƙamin da mai shi ya kasa nuna aikinsa, za a naɗe shi a kai gidan tarihi. Kuma in an naɗe muƙamin Mai Rufe Ƙofa, gidan da ke bisa ƙofar zai koma hannun gwamnati.

Nan Sakata ya tsorata, don gidan ba na wasa ba ne. Ɗakuna uku ne a bisa ƙofar, a nan aka haifi kakanninsa kaf, a nan aka haife shi, a nan 'ya'yansa suka yi rarrafe. In bas ta wuce ta ƙasa, kofin shayi kan yi tafiya a kan tebur shi kaɗai, sai ka tare shi da hannu. Kowa a gidan ya saba, har in suka je baƙunta wani wuri sukan rasa barci saboda gado ba ya rawa. Mahaifinsa, wanda duk unguwa ke kira Baba, ya sha faɗin cewa daga ɗakin kusurwa ba mai fitar da shi sai masu ɗaukar gawa.

Amma tsoron Sakata bai taɓa wuce minti biyar ba. Kafin ya gama hawa matakala ya riga ya ga kansa a talabijin.

"Faɗuwa ta zo daidai da zama!" ya ce da matarsa, yana kaɗa wasiƙar. "Aiki suke so su gani? Zan rufe musu ƙofar nan a gaban duniya. Abin da ba a taɓa gani ba."

Matarsa direbar bas ce, bas mai lamba tara, wadda ke ratsa ƙofar sau goma sha biyu a wuni. Shekararta goma sha ɗaya tana tuƙi ba ta taɓa makara ba ko da minti ɗaya, kuma ba ta barin kowa ya manta da haka. Ta tare kofinta da ya kama hanya, ta dube shi.

"Maigida, ƙofar banɗakin nan wata uku ina roƙonka ka gyara mata sakata."

"Wannan aikin kafinta ne. Ni da ƙofar daula nake."

"To ka ji ni da kyau. Takwas da kwata bas ɗina ke wucewa ta ƙasan nan. Ko ka rufe, ko ka buɗe, ko ka ɗora ta a ka, takwas da kwata zan wuce."

"Ranar Alhamis kam sai dai ki yi fiffike."

Baba, da ke zaune a kusurwa yana bin bakinsu da kallo, ya ce, "Me ya ce zai yi?"

"Zai rufe ƙofa, Baba!" ta ɗaga murya.

Tsohon ya yi zumbur kamar an tsikare shi. "Kai ɗan nan, zo mu shiga ɗaki. Maganar nan da nake ta cewa zan gaya maka, yau ranarta."

Wannan magana tana da tarihi. A gidansu, ran da uba ya miƙa wa ɗansa makullin ƙofar, akwai wani sirri da yake raɗa masa a kunne. Ran da aka miƙa wa Sakata, shekara shida da suka wuce, mai hoto ya zo, sai ya ce, "Baba, bari a gama hoto." Aka gama hoto, aka shiga gaisawa da jama'a, magana ta bi ruwa. Ga shi kunnen Baba ya yi nauyi, raɗarsa ma ana jin ta a tashar bas, don haka ba ya yarda ya faɗa sai an kori kowa daga gida an rufe tagogi. Sakata kuwa bai taɓa samun lokacin wannan ba, shi da ke da zama a kujera daga safe har yamma.

"Baba, bayan Alhamis," in ji shi. "Yanzu daula na jirana."

Abu na farko, makulli. Makullin ya kai tsawon hannun babban mutum, kuma an daɗe da samar masa aiki: an gicciya shi a taga, an ɗaure igiyar shanya a jikinsa. Sakata ya fizge shi bai duba ba. Igiyar ta sulale da kayan da ke kanta duk suka yi ƙasa. Ɗan sandan ba da hannu yana tsaye a tsakiyar titi ya ɗaga hannu, sai ga wandon barcin Garkuwar Daula ya sauka a kansa ya rufe masa ido. Ya shiga kaɗa hannuwa yana neman ya cire, direbobin layi huɗu kowa ya ɗauka shi aka ba hannu. Sai da aka yi rabin awa ana warware motoci.

"Na waye wannan?" ɗan sandan ya daka tsawa, yana ɗaga wandon sama.

"Kayan gwamnati ne," in ji Sakata daga taga. "Riƙe shi da mutunci."

Ya sauko da makullin a kafaɗa yana taƙama, ya tafi neman ramin makulli. Ya same shi a cikin shagon mai aski, a bayan kalanda. Don su ƙyauren nan biyu, tun da aka jingina su da ganuwa shekaru aru-aru, mutane suka ga bango ne na katako mai kyau, suka kafa rumfuna a jikinsu. Ƙyauren hagu shi ne bangon bayan shagon mai aski, madubinsa ma a jiki aka kafe shi. Na dama kuwa, a tsallaken titi, yana ɗauke da kantocin ma'ajiyar tela, da mitar wuta, da allon tashar bas, da wayoyin lantarki na rabin unguwa.

"Kar ka zura abin nan a ramin nan," in ji mai aski. "Akwai masu haya a ciki."

"Wa ya ba su haya a ƙofar daula?"

Ya zura makullin da ƙarfinsa ya murɗa. Ashe rina ne masu hayar, kuma ba su ji daɗin ziyarar ba. Mai aski ya faɗa ƙarƙashin kujera, wanda ake yi wa aski ya fita da gudu da kumfa a fuska, Sakata kuwa ya tsaya yana kare kansa da makulli, yana ihun, "Ku san da wa kuke!" Sun sani ƙwarai, shi ya sa ba su taɓa kowa ba sai shi. Kafin azahar fuskarsa ta kumbura, idonsa na hagu ya shige ciki.

"Ka ga," in ji mai aski, "ka fara rufe ido ɗaya. Saura ƙofa."

Ranar Talata ya koma kan ƙarafan da ƙyauren ke juyawa a kansu, waɗanda tsatsa ta cinye. Ya je garejin bas ya roƙo durom biyu na baƙin mai. Mai hankali zai ɗauki tsumma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Sakata ya ce wannan aikin masu keke ne. Ya sa aka hau masa da durom ɗin bisa ganuwa, ya kwantar da su, ya buɗe bakinsu gaba ɗaya.

Ƙarafan sun samu ɗan rabonsu, ba a ce ba su samu ba. Sauran ya bi jikin katako ya gangara titi. Mai babur na farko ya shigo ƙofar a zaune, ya fita a kwance, babur ɗin ya riga shi isa tsallake. Na biyu ya taka birki ya juya sau uku, ya sami kansa yana fuskantar inda ya fito, sai kawai ya koma gida. Wani mai rarraba burodi ya bi bayan burodinsa da rarrafe. Abin da ya rage na man ya sami wata kafa a rufin ma'ajiyar tela, inda ta rataye fararen riguna arba'in na ma'aikatan jinya da za a karɓa washegari.

Ta fito riƙe da ɗaya da yatsu biyu, tef ɗin awo a wuyanta.

"Sakata! Sauko ka gaya mini wane asibiti ne ake sa baƙar riga!"

"Baiwar Allah, aikin ƙasa ake yi. Gobe jikokinki za su ce kakarmu tana wurin."

"Za su ce kakarmu ce ta fasa masa kai da almakashi. Kai, tsaya ma in tambaye ka. Ni ko ɗankwali zan yanka sai na auna. Ka auna ƙofar nan?"

Sakata ya yi dariya har kumburinsa ya yi masa zafi. "Ji mace! Ƙofar da aka yi tun kafin a ƙirƙiro tef za ki ce a auna? Mutanen zamanin da ba irinku ba ne. Su ba sa kuskure."

Da yamma Baba ya tare shi a matakala, ya riƙe masa riga. "Ɗan nan, na kori kowa, na rufe tagogi. Minti ɗaya kawai."

"Baba, masu talabijin na jirana a waya."

"Wanda bai ji bari ba fa..."

"Zai ji tafi, Baba. Tafi zai ji."

Ranar Laraba ya bi masu shaguna ya ce su kwashe kayansu daga jikin ƙofar daula. Mai aski ya nuna masa ƙusar da ke riƙe da madubi ya ce kakan kakansa ne ya kafa ta, kuma a daular da ba a taɓa tsige komai ba, ba a kan ƙusarsa za a fara ba. Tela ko kallonsa ba ta yi ba, tana ta wankin riguna. A ransu duk sun tabbata ƙofar ba za ta motsa ba, shi ma mai ita ba su taɓa ganin ya motsa ba. Abin da ba su sani ba, Sakata ya riga ya shawo kan masu janwe biyu, irin manyan nan da ke jan tirela in ta faɗi, da alkawarin za a nuna su a talabijin.

Alhamis ta zo. Tun bakwai da rabi bakin ƙofa ya cika maƙil. Masu talabijin sun kafa kyamara da lasifika, masu zuwa aiki sun tsaya kallo, masu benaye sun leƙo ta tagogi. Mai bincike ta iso takwas saura biyar, wata 'yar siririyar mata mai tabarau, riƙe da fom da biro. A makon nan kaɗai ta naɗe muƙamai goma sha tara, don haka fuskarta ba ta da sauran mamaki.

Sai ga Sakata ya sauko cikin kayan aiki na kakanni. Sulken an ɗinka shi ne wa mutumin da ke cin abinci sau ɗaya a rana, don haka ya tsaya masa a saman cibiya. Kwalkwalin kuwa da ƙyar mai aski ya danna shi a kan kumburarriyar fuskar, da taimakon sabulu. Da ya shiga, ya zauna daram. Ta 'yar tsagar da aka bari Sakata yana ganin abin da ke gabansa kawai, da ido ɗaya, kuma in ba a gabansa aka ɗaga murya ba, ba ya jin komai sai muryar kansa. Wannan bai dame shi ba, don dama ita ya fi son ji.

"Malam, kai ne Mai Rufe Ƙofa?" in ji mai bincike.

"Garkuwar Daula, ranki ya daɗe."

"Ba gurbin wannan a fom. Yaushe rabonka da rufe ta?"

"Yau."

"Kafin yau fa?"

"Ranki ya daɗe, maƙiya ne ba su ba mu dama ba. Tsoronmu suke ji."

Ta duba agogo. "Bismillah."

Aka tsayar da motoci. Aka ɗaura sarƙoƙi a jikin ƙyauren biyu. Sakata ya tsaya a tsakiyar titi, ya ba ƙofar baya, ya fuskanci kyamara, ya ɗaga makulli sama ya sauke. Janwe biyu suka yi gurnani, hayaƙi ya turnuƙe. Da fari ba abin da ya faru, har mai aski ya koma shago ya ci gaba da yi wa wani dattijo aski. Can sai aka ji wata ƙara mai tsawo, wadda ta sa karnukan unguwa uku suka amsa. Ƙofar ta motsa.

Bangon shagon mai aski ya kama tafiya da madubi da kalanda da komai. Dattijon da aka aske wa rabin kai ya ga fuskarsa tana barinsa, sai ya miƙe da zane a wuya ya bi madubin yana cewa, "Tsaya, ban ga bayan ba!" Mai aski ya bi dattijon da reza a hannu. Rufin shagon ya tsaya jim kaɗan yana shawara, sannan ya zauna a kan kujerun. A tsallake, kantocin tela suka yi gaba da zarurruka suna warwarewa a titi, ja da kore da shuɗi, tana biye tana tsine-tsine. Allon tashar bas ya tafi, mutanen da ke jiran bas suka bi shi a layi, don ba wanda ke son ya rasa wurinsa. Wayoyin lantarki suka miƙe, suka yi tartsatsi, suka tsinke. Fitilun ba da hannu na unguwar duk suka mutu, wani da ya maƙale cikin lif, na'urar hawa bene, a bene na sha biyu ya fara kiran sunan uwarsa.

Ƙyauren hagu ya zo ya tsaya, gim! Na dama ya zo ya tsaya, gim! Ƙasa ta girgiza. Sakata ya ji girgizar a tafin ƙafarsa, ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji har ƙwalla ta zo masa a ido mai kyaun. Gida ya tsira, Baba zai mutu a ɗakinsa, kuma duniya tana kallo. Bai waiwaya ba. Ya jawo makirfo.

"Jama'ar daula! Kun gani da idonku! Shekara dubu uku gidanmu na riƙe da ku kuna barci. Yau na rufe gari. Daga nan zuwa lokacin da na ga dama, ba mai shiga, ba mai fita!"

Jama'a suka yi tsit. Ya ɗauka kwarjini ne. Ya ga wasu suna nuna bayansa da yatsa, ya ɗauka ƙofar suke yabawa.

"Ko giwa ta zo, sai ta koma! Ko kiyashi ya zo, sai ya kwana a waje! Ko iska..."

Takwas da kwata daidai, bas mai lamba tara ta shigo ta tsakiyar rufaffiyar ƙofa. A hankali ta shigo, ba ta goga ko madubi ba, don tsakanin ƙyauren hagu da na dama akwai giɓin da ya ishe ta har da ragowa. Fasinjoji sun manna fuska a gilashi. Bas ɗin ta zo ta tsaya dab da bayan Garkuwar Daula, wanda ke ta bayani a kan iska. Matarsa ta danna hon.

Ko kwalkwali bai tare wannan ba. Sakata ya yi tsalle ya juya, ya ga gaban bas ya cika masa tsagar ido. Ya matsa gefe ya leƙa. Ya ga ƙyaure a hagu, ya ga ƙyaure a dama, ya ga sararin Allah a tsakani, har da shagunan tsallake da wani mai babur da ke biyo bas ɗin yana ɗaga wa kyamara hannu. Ramin makulli yana nan a hagu, inda harshen makullin zai shiga kuma yana can dama, ko da tsani ba za su gaisa ba.

Matarsa ta leƙo ta taga. "Maigida, matsa mini. Ban yi fiffiken ba, amma ga ni."

Dariyar da aka yi ran nan, an ce har a filin jirgin sama an ji ta. Tela ta ratso jama'a, ta zare tef daga wuyanta, ta ba mai aski bakinsa ya riƙe, ta auna giɓin a gaban kyamara.

"Kamu tara," ta ce. "Ban da ɗan yatsa biyu. Mutanen da ba sa kuskure."

"Wani ne ya rage ta!" Sakata ya yi ihu daga cikin kwalkwali. "Zagon ƙasa ne! Jiya-jiyan nan cikakkiya ce!"

Sai ga Baba ya sauko da sandarsa, yana taka matakala ɗaya-ɗaya. Jama'a suka buɗa masa. Ya zo ya kama ɗansa ta wuyan sulke, ya jawo kansa ƙasa, ya kafa baki a jikin kwalkwali don ya yi masa raɗa. Bai lura makirfo na hannun Sakata ba, kuma ko ya lura, raɗar Baba ba ta bukatar taimako.

"Sirrin gidanmu ke nan, sakarai!" muryarsa ta karaɗe lasifika da kowane gida mai talabijin a daular. "Kar ka gaya wa kowa! Ƙofar nan ba ta taɓa rufuwa ba! Sarki na farko ya ce a yi ta kamu arba'in. Magini dogo ne, ya auna da hannunsa. Kafinta gajere ne, ya auna da nasa. Ba wanda ya gane sai ran da maƙiya suka zo, kakanmu ya ja ta ya ga abin da ka gani. Sai ya maida ta ya wangale, ya ɗauko kujera ya zauna a tsakiya, ya harɗe ƙafa yana cewa in ya ga dama yanzu zai rufe. Maƙiya suka ce garin da bai damu ya rufe ƙofa ba, akwai abin da ya taka. Suka juya. Tun ran nan aikinmu uku ne: ka zauna, ka cika baki, kar ka taɓa ƙofar! Biyu na farko ba a taɓa yin gwani irinka ba. Na ukun ne kawai nake ta binka in gaya maka!"

Wannan karon ba a yi dariya nan da nan ba. Sai da mai aski ya ce, "Baba, ka ɗan ƙara murya, na bene na sha biyu bai ji ba," sannan wuri ya sake ɓarkewa.

Sakata ya tsaya da makulli a hannu, gumi na bin cikin sulke. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne ganin Baba ya ɗaga kai yana kallon tagar ɗakin kusurwa. Ya juya wurin masu janwe, muryarsa ta yi ƙasa. "Ku maida ta yadda take."

Suka ɗaura sarƙa suka ja. Ƙarafan da suka sha tsatsar shekara dubu uku sun yi aikinsu na biyu kuma na ƙarshe, sun karye, ƙyauren biyu sun nutse cikin kwalta. Sarƙa ta tsinke, janwe ɗaya ya yi baya ya ƙarasa abin da ya rage na shagon mai aski. Titi mai layi huɗu ya koma layi ɗaya. Motoci suka yi cirko-cirko ciki da waje, kowa na son ya riga wani shiga giɓin, hon kamar za a tashi duniya.

Mai bincike ta gama rubutu ta rufe biro.

"Muƙamin Mai Rufe Ƙofa an naɗe shi," in ji ta. "Ƙofar da ba ta rufuwa ba ta bukatar mai rufewa. Makulli da sulke gidan tarihi za su."

"Ranki ya daɗe, gidan fa?" in ji Sakata. "Tsohon nan a ciki aka haife shi."

Ta dubi cunkoson, ta dubi ɗan sandan ba da hannu da ya riga ya cire hula ya zauna a gefen titi ya haɗa kai da gwiwa. Ta zaro wani sabon fom.

"Doka ta ce mai aiki a ƙofa shi ke kwana a bisa ƙofa. Masu gyara za su zo su duba ta, amma akwai gadoji biyu a gabanku tun zamanin sarki na sittin. Kafin layi ya zo kanku, ana bukatar wanda zai tsaya a giɓin nan da tuta, ya ba na ciki hannu, ya ba na waje hannu. Shida na safe zuwa shida na yamma. A tsaye. Shagunan mutane kuma kai za ka tayar musu, ranar hutunka."

"A tsaye?" in ji Sakata. "Ba kujera?"

"Ba gurbin kujera a fom."

Haka gida ya tsira. Sai da aka kira mai walda kafin kwalkwali ya fita, kuma washegari tun da sassafe aka ga Sakata a tsakiyar giɓi, da jar tuta a hannu ɗaya, kore a ɗaya, rana na dukansa, hayaƙi na shiga masa hanci. Sau goma sha biyu a wuni bas mai lamba tara ke zuwa, kuma sau goma sha biyu take danna masa hon, ko da ya riga ya ba ta hannu. Kwana uku bakinsa a rufe, har unguwa ta fara kewarsa. A na huɗu aka ji shi yana gaya wa wani mai babur, "Ka san duk garin nan ba mai shiga ba mai fita sai da izinin hannun nan?"

Mai aski, da ke yi wa mutane aski a ƙarƙashin laima, ya ce, "Alhamdu lillahi, ya warke."

Baba kuwa ya sa an sauko masa da tsohuwar kujerar, ya ajiye ta a inuwar ganuwa, ya harɗe ƙafa yana kallon ɗansa na kaɗa tuta. Da rana ta take, Sakata ya share gumi ya ce, "Baba, ka dai ga na riƙe mana gida."

Tsohon ya yi masa alama ya matso, ya yi masa raɗar da ta isa har tsallaken titi.

"Ka riƙe, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Amma shekara dubu uku muna zaune lafiya a gidan nan, kai ne na farko da ya jawo mana aiki."